Ruwa Kafin Tsumma: Nasiha Ga Matasa Kan Farar Mota

Ƙannena, da yawanku za ku fara riƙe mota tun kafin ku mallaki taku. Wani mahaifinsa ne zai miƙa masa makulli ya ce ya riƙa kai yara makaranta, wata yayanta ne zai bar mata motarsa ya tafi karatu, wani direba ne a gidan wani alhaji ko a ma'aikata, wani kuma a bakin titi yake neman na kansa da bokiti da soso. Ko ma ta wace hanya motar ta zo hannunku, farare za su fi yawa. Kamfanin fenti na Axalta, wanda ke ƙididdige launin sababbin motoci kowace shekara, ya nuna cewa tun 2011 fari ne a kan gaba a duniya, kusan mota ɗaya cikin kowace uku. A ƙasa mai rana irin tamu ba sai an yi dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a kan rufin baƙar mota da azahar ɗin watan Afrilu, sannan ya ɗora a kan fara, ya san dalili.

Sai dai akwai maganar da za ku yi ta ji, wadda nake so ku yi hattara da ita: wai farar mota ba ta da wahalar kulawa. Rabin maganar gaskiya ce. Ƙura ba ta cika nunawa a jikinta ba, ƙananan ƙarce ma haka. Idan ka goge baƙar mota da mugun tsumma da safe, kafin la'asar rana za ta tona maka asiri, zane-zane za su fito zagaye-zagaye a kan bonet kowa ya gani. Ita kuwa fara shiru take yi. Ɓarnar iri ɗaya ce, zurfinta ɗaya, amma ido ba ya kama ta. Shi ya sa mai kula da farar mota yake iya shekara biyu yana cutar da fentin kullum ba tare da wani ya ce masa uffan ba, har shi kansa ya ɗauka daidai yake yi. Ranar da abin zai bayyana, sheƙin ya riga ya tafi, farin ya koma kamar an shafa toka, kuma a lokacin gyaran ya wuce na bokiti.

Kafin hannunka ya taɓa jikin mota, ya kamata ka san abin da kake taɓawa. Fentin da masana'anta ta yi ba shafe ɗaya ba ne. Akwai na can ƙasa wanda ake tsoma gangar motar a ciki, a manna shi da lantarki don ya tsare ƙarfe daga tsatsa. A kansa akwai wani shafen mai daidaita fuska, sannan launin, wanda a farar mota yawanci sinadarin taitaniyom dayoksaid ne ke ba shi farinsa. A saman duka sai shafe na ƙarshe marar launi, garai-garai kamar gilashi, wanda ya zama ruwan dare a motoci tun shekarun 1980. Shi ne sheƙin da kake gani, kuma a cikinsa aka zuba magungunan da ke tare zafin hasken rana. Duk waɗannan a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafen saman shi kaɗai yana tsakanin 40 da 50, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Wannan ɗan siririn abu shi ne duk abin da ake wankewa, ake gogewa, ake karewa. Ba ya tsirowa idan ya tafi.

To, ga babban laifin da na fi gani, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Gari ya waye a cikin hunturu, mota ta kwana a tsakar gida, ƙura ta lulluɓe ta. Yaro mai ladabi ya fito tun kafin maigida ya gama karyawa, ya ɗauko tsohuwar riga ko tawul, ya bi motar da guga a bushe daga gaba har baya. Maigida ya fito ya ga mota fes, ya sa masa albarka. Kowa ya ji daɗi, amma an yi ɓarna.

Ƙurar hunturu ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba har zuwa Maris tana kwaso ta ne daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi da ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba. Kafin ta sauka a kan motarka ta gauraya da rairayin unguwarku. A cikinta akwai ƙwayoyin dutsen yashi da ake kira kwaz, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yake mataki na 7, ya fi gilashi tauri, balle fenti. Duk lokacin da ka danna busasshen tsumma a kan wannan ƙura ka ja, ƙwayoyin nan ne kake turzawa a kan shafen sama. Kowace ƙwaya ta bar zanenta. Zane ɗaya ba komai ba ne, amma lissafa safiyoyin hunturu guda, ka ninka da shekaru. Waɗannan dubban zane-zane su ne ke watsa haske maimakon su mayar da shi kai tsaye, shi ne ka ga mota ta dusashe. Kuma a cikinsu ne jar ƙasa take samun wurin zama, farin ya fara komawa ruwan madara.

Saboda haka idan babu ruwa, ka bar ƙurar a inda take. Goge gilashin gaba da madubai don ka ga hanya, shi ma da ɗan ruwa, ka tafi. Mota mai ƙura ba ta lalace ba, wanka ɗaya zai dawo da ita. Na san wannan yana da wuya ga direban da maigidansa ke son ganin mota tana walƙiya kowace safiya. Ka yi masa bayani cikin ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni jarka biyu ta ruwa in wanke ta, don gugar bushe tana cin fenti." Mafi yawan masu mota za su yarda idan suka ji dalilin, domin kuɗinsu ne ake magana a kai.

Wankin kansa yana da tsari, kuma ba ya bukatar injin feshi ko kayan tsada. Da farko a nemi inuwa, ko a yi shi da sassafe ko bayan la'asar, jikin motar ya huce. Idan ƙarfe ya yi zafi, ruwa da kumfa suna bushewa kafin ka ɗauraye, su bar tabo. Sannan a zuba ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, a bar shi ya kwashe abin da zai iya kwashewa kafin wani abu ya taɓa fentin. Ko da moɗa kake zubawa ya wadatar, muddin kowane gefe ya jiƙe sosai. Mai injin feshi kuma kada ya kusanto da bakinsa fiye da kamu ɗaya, musamman wurin da fenti ya ɗan ɓantare, don ƙarfin ruwan yana shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi.

Bokiti biyu ake so. Ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma abin wankin a kumfa, ka wanke yanki ɗaya, ka je bokitin ruwa ka girgije shi yashin ya zauna a ƙasa, sannan ka koma kumfa. Wanda ke aiki da bokiti ɗaya, kafin ya gama rabin mota ruwansa ya zama kunun yashi, da shi kuma zai wanke ragowar. Ka fara daga sama, domin ƙasan ƙofofi da bamba su ne suka fi datti, su za a bari ƙarshe. Hannu ya riƙa tafiya a miƙe, gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Nauyin tsumman da ya sha ruwa ya isa. Tayoyi da ƙafafun ƙarfe kuwa a ware musu nasu bokitin da nasu burushin, kada abin da ya taɓa su ya kusanci jikin mota, domin garin birki da ke manne a wurin ƙarfe ne tsantsa. Abin wankin da ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki a ranar, sai an wanke shi tas.

Game da tsumma, tawul ɗin maikurofaiba ya samu yanzu a kasuwanni, har a hannun masu talla a danja, kuma ya fi tsohuwar riga nesa, saboda gashinsa yana janye ƙwayar yashi ciki maimakon ya riƙe ta a fuska. Soson katifa mai shafaffen ciki ba shi da inda zai ɓoye yashi. Soson buhu da ake wanke tukunya da shi, wannan kada ma a kawo shi kusa.

Sai maganar omo. Kusan duk inda ake wankin mota a garuruwanmu da shi ake yi, don yana da arha kuma yana kumfa. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka duk wani kaki ko man kariya da aka shafa wa mota, yana bi ya wanke shi. Garin da bai narke ba yana ƙarce fenti, wanda ya bushe a lungu kuma ya bar farin tabo a kan baƙaƙen robobi, ya busar da robar gefen gilashi. Sabulun ruwa na wankin mota marfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti, kwalba guda ta yi watanni. Idan ka raba kuɗin a kan yawan wankin, bambancin bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma masu ganin tunda mota fara ce, a sa mata ruwan bilic kamar farin yadi, ko a bi ta da hodar wanke bayi. Don Allah kada ku yi. Farin yadi a cikin zare yake, na mota kuwa yawanci a ƙarƙashin shafe marar launi yake kwance. Bilic ba zai kai gare shi ba, sai dai ya ci robobi, ya taɓa ƙarfen da ke fili, hodar kuma ta kankare sheƙin.

Bayan ɗauraya kada a bar mota ta bushe da kanta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyom da magniziyom. Ɗigon ya bushe, su su zauna, su bar zobe-zobe. A farar mota ba ka ganinsu sai ka sunkuya ka kalli bonet ta gefe, amma suna nan, kuma idan rana ta gasa su sau da yawa suna cin fentin har su yi gurbi. Babban tawul mai tsabta, a shimfiɗa a ja a hankali, shi ke nan. Zoben da bai daɗe ba yana fita da ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a ɗauraye nan take. Ka buɗe ƙofofi da but ka tsane bakinsu, ka tsane ƙarƙashin madubai da hannun ƙofa, domin daga nan ne ruwa mai datti ke zirarowa daga baya ya bar baƙaƙen layukan da suka fi muni a farar mota, musamman da damina.

Akwai dattin da wanka ba ya fitarwa, kuma a nan ne fari ya fi kowane launi tona kansa. Ka duba bayan mota da ƙasan ƙofofi da kyau, za ka ga ɗige-ɗige masu ruwan goro, ƙanana kamar bakin allura. Mutane suna tsorata su ce mota ta fara tsatsa daga ciki. Yawanci ba haka ba ne. Ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki, ko daga wurin masu walda da niƙa ƙarfe, ko kusa da layin dogo, ya sauka da zafinsa ya maƙale a shafen sama, raɓa ta taɓa shi ya yi tsatsa a wurin. Kowace mota tana da shi, a fara ne kawai ake gani. Akwai ruwan magani na musamman da ake fesawa, mai wari marar daɗi, wanda idan ya haɗu da ƙarfen sai ya koma shunayya ya gangaro. A inuwa ake fesa shi, a ba shi 'yan mintuna, a ɗauraye kafin ya bushe. Idan kana son sanin ko fenti ya tara irin wannan datti, bayan wanka ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji gurzi-gurzi, akwai aiki. Maganinsa wani yumɓu ne na roba da aka fara ƙirƙira a Japan, ana murza shi a tafin hannu ya yi faɗi, a jiƙa wurin da ruwan kumfa sosai, a riƙa zame shi a kai har ya daina kamawa. Ana naɗe shi a sabunta fuskarsa a kai a kai, idan ya faɗi ƙasa kuma a jefar. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Kwaltar da ke fantsama idan ana gyaran hanya, ɗan kananzir a tsumma mai laushi yana narkar da ita, a bi da sabulu nan da nan. Kada a kankare da farce ko reza. Jar laka ta damina, wadda jan nata ma tsatsar ƙarfe ce da ke cikin ƙasar, kada a bari ta kwana biyu, kuma a tuna da cikin kwarin taya inda take taruwa ta riƙe danshi. Wannan ya fi muhimmanci ga motocin da suka shigo ta Kwatano ko Legas daga yankunan Amurka da Kanada masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, don da yawansu sun iso da tsatsa a ƙasa tun kafin su ga lakarmu. Man birki idan ya zuba a fenti yana cinye shi, sai a kwarara ruwa nan take. Fetur da ke malala a bakin tanki shi ke barin rawayan layin nan da kuke gani a gefen fararen motoci, a share shi tun a gidan mai.

Kashin tsuntsu kuwa abin gaggawa ne. Yana da asid, rana kuma tana tausasa fentin da ke ƙarƙashinsa, idan ya huce sai ya ɗauki siffar kashin. A cikin zafin bazara yini ɗaya ya isa ya bar tambari. Ka ajiye gorar ruwa da tawul a but. Ka jiƙa tawul ɗin, ka ɗora a kai na minti biyu ko uku har ya yi laushi, ka ɗauke shi sama, kada ka murza, don tsuntsu yana haɗiyar tsakuwa kuma tana fitowa a kashinsa. Na jemage da na balbela sun fi yawa da ɓarna, saboda haka kafin ka yi murnar samun inuwar darbejiya ko mangwaro, dubi ƙasan bishiyar. Idan ka ga ƙasa ta yi fari-fari, ko 'ya'yan itace sun zuba, ko ƙaro na ɗiga, gara ka matsa.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu, wato folish. Mutane da yawa sun ɗauka folish wani mai ne da ake ƙara wa mota. Akasin haka ne. Folish gari ne mai laushin gaske a cikin ruwa ko kirim, aikinsa ya ci saman fentin kaɗan har ya sauko daidai da gindin ƙarcen, fuskar ta koma sumul. Kamar fiƙe fensir ne: duk fiƙewa yana ƙara tsini, yana kuma rage tsawo. Ku tuna kaurin da na faɗa, maikuron 40 zuwa 50. Masu wannan sana'a da suka san abin da suke yi ba sa son a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na shafen sama a duk rayuwar motar, domin idan ya yi siriri ba ya iya tare rana, sai ya fara yin hazo, ya tsattsage, ya riƙa saɓulewa. Daga nan babu sauran magani sai sabon fenti.

Don haka folish ba abin kowane wata ba ne, ba kuma abin kowace sallah ba. Idan wani ya ce zai sa wa motarka inji ta koma sabuwa cikin awa ɗaya, tambaye shi wane irin gari zai fara da shi, kuma ko yana da na'urar auna kaurin fenti. Ƙa'idar ita ce a fara da mafi laushi a ɗan ƙaramin wuri, idan ya yi aiki a tsaya a nan, idan bai yi ba a ƙara ƙarfi kaɗan. Injin da ke juyawa wuri ɗaya da gudu yana tara zafi, a hannun wanda bai ƙware ba yana ƙone fenti cikin ƙiftawar ido, musamman a kan kaifin bonet da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta. Mai koyo ya fara da hannu, ko da injin da ke juyawa yana kaɗawa lokaci guda, wanda ya fi sauƙin sarrafawa. Ƙarcen da farcenka ke maƙalewa a cikinsa ya riga ya yi zurfi, kada ka bi shi da guga har ka huda shafen. A sassauta bakinsa ya rage nunawa, a bar shi haka. Wannan ma wata falala ce ta fari: ba ya bukatar a kore kowane zane kafin ya yi kyau, saboda haka babu dalilin cin fentinsa kamar yadda ake yi wa baƙi.

Ba kowane fari ne yake da shafen sama ba. Motocin aiki da yawa, bas-bas da a-kori-kura da tsofaffin ƙananan motoci, da kuma waɗanda aka sake wa fenti da arha, launin da sheƙin a haɗe suke cikin shafe ɗaya. Gane shi ba wuya: ɗiga folish kaɗan a baƙin tsumma ka goga a lungu. Idan tsumman ya yi fari, shafe ɗaya ne. Irin wannan shi ne wanda rana ke cinye abin da ya riƙe launin, sai taitaniyom ɗin ya fito fili, ka jingina da mota ka tashi da alli a riga. Abin daɗin shi ne yana karɓar gyara sosai. Idan aka cire mataccen saman, farin da ke ƙasa yana fitowa sabo, sai dai in ba a rufe shi da kariya ba, 'yan watanni zai koma gidan jiya.

Akwai kuma saɓulewar da ba laifin mai wanki ba ce, kuma ina faɗar wannan ne don kada a zalunci wani yaro. A Amurka, kamfanin Toyota ya fito da shiri na musamman na sake fenti ga wasu motocinsa masu farin da ake kira Super White mai lamba 040 da Blizzard Pearl mai lamba 070, ciki har da wasu Corolla da Camry da RAV4 da aka ƙera daga 2008 zuwa shekarun da suka biyo baya, saboda hasken rana yana raunana kamun da ke tsakanin shafuffukan ƙasa, fentin ya riƙa tashi fale-fale. Irin waɗannan motoci sun cika titunanmu. Idan ka ga farin yana ɓarewa a rufi ko gefen gilashi, launin toka ya bayyana a ƙasa, wannan daga tushe ne. Folish ba zai yi masa komai ba, injin feshi kuma zai ƙara yage shi.

Abin da ke rage bukatar folish shi ne kariya, wato a shimfiɗa wani abu a kan fentin wanda rana da datti za su ci a madadinsa. Mafi daɗewa a hannun mutane shi ne kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Yana da tauri, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, yana kuma ba da sheƙi mai kyau, amma a ranarmu wata ɗaya ko biyu yake yi. Man kariya na haɗin masana'anta ya fi shi juriya, yakan kai wata huɗu zuwa shida, kuma a ganina shi ya fi dacewa da farar mota a nan, tunda zurfin launin da ake yabon karnuba da shi a baƙi da ja yake fitowa. Ko wanne ne, siriri ake shafawa a kan mota mai tsabta mai sanyi, a bar shi ya yi hazo, a goge da tawul mai laushi. Labta shi da yawa ba ya ƙara kariya, wahalar gogewa kawai yake ƙarawa, ya cushe a lungun tambari ya tara ƙura. Lokaci biyu ne bai kamata su wuce ku ba: ƙarshen Oktoba kafin ƙura ta sauko, da watan Mayu kafin ruwa ya zauna. Tsakaninsu kuma ruwa zai gaya maka. Muddin yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kariyar tana nan. Ranar da ya shimfiɗe ya kwanta, ta ƙare.

Shafen siramik da ake ta tallarsa yanzu abu ne na gaske. Yana yin shekaru, yana sa datti ya ƙi kamawa, wanki ya yi sauƙi. Amma ba ya hana tsakuwa ɓantare fenti, ba ya hana busasshen tsumma yin zane, kuma duk dattin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan. Ingancinsa yana ga wanda ya shirya fentin kafin a shafa. Ledar kariya da ake mannawa a gaban mota ita ce ke tare tsakuwa, ta dace da mai yawan bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Kaduna zuwa Abuja, sai dai mai arharta tana yin rawaya, kuma babu inda rawaya ke nunawa kamar a kan fari. Masu shafa man gas ko baƙin mai don mota ta yi ƙyalli na awa biyu kuwa, ƙura kawai suke gayyata.

Duk waɗannan ba su kai rumfa ba. Kwano huɗu da ginshiƙai a tsakar gida sun fi kowane kaki tsare fenti, su tsare fitilun gaba daga yin rawaya, su tsare kujeru. Tamfol yana da amfani ga motar da za ta daɗe a ajiye, amma a kan mota mai tsabta kawai, a kuma ɗaure shi tamau. In aka rufa shi a kan ƙura, iska ta yi ta kaɗa shi dare da rana, aikin busasshen tsumman nan yake yi. Takardun siyasa da ake liƙawa lokacin zaɓe su ma kada su daɗe, domin fentin da ke kewaye yana canzawa da rana, na ƙarƙashinsu bai canza ba, ka cire ka bar hoton wurin. A ɗumama su da rana ko ruwan ɗumi a ɓare a hankali.

Ku da kuke wanki don neman abinci, ina da magana ta musamman da ku, domin sana'arku tana da daraja kuma tana da gaba. Bokiti na biyu da tawul uku masu launi daban, na jiki da na gilashi da na taya, ba su kai kuɗin wankin mota biyar ba. Kafin ka zuba ruwa, zaga motar tare da mai ita, nuna masa duk ƙarce da ɓantarewar da ka gani, don kada a ɗora maka daga baya. Cire zobe da agogo, ka lura da kan bel ɗinka idan kana miƙa hannu kan rufi. Idan kuma tsautsayi ya sa ka yi ɓarna, faɗa da bakinka, ko da farin ya ɓoye ta. Mai mota yana gane wanda ke tausayin dukiyarsa, kuma irin wannan ne ake kira gida, a ba shi motoci uku, wata rana a ba shi makullin.

Idan tsakuwa ta ɓantare fenti har ƙarfe ya fito, kada a jira. A fari, tsatsar da za ta zubo daga wurin tana bayyana cikin damina ɗaya. A tsabtace ramin, a ɗiga fenti da tsinken ashana, kaɗan-kaɗan har ya cika. Lambar launin tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, da ita za ka je wurin mai haɗa fenti, domin fari iri-iri ne, wani ya karkata ga shuɗi, wani ga ruwan madara. Mai ƙyalƙyalin lu'ulu'u ya fi wuyar dacewa, don hawa uku ake fesa shi, kuma yawan hawan tsakiyar yana canza kamarsa. Idan aikin ya kai a fesa ƙofa guda, ka roƙi mai fenti ya fara gwadawa a ɗan gwangwani, ku fita da shi rana ku kara da jikin motar, kada ku yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar gareji. Sabon fenti kuma yana ci gaba da bushewa daga ciki bayan an ba ka mota, saboda haka ruwa da sabulu mai laushi kawai zai gani, ba kaki ba siramik, har sai ya yi kamar wata biyu ko iya lokacin da mai fentin ya ce.